Baƙuwar Nang Teryang

Idon Nang Teryang ya riga hankalinta tafiya, amma kunnenta bai taɓa cin amanarta ba. Duk ƙauyenmu na Lawis babu wanda zai tsaya a gindin matakalar gidanta ya yi sallama ba ta kira sunansa ba, har da na ubansa idan tana jin tsiya. Ko jikokin maƙwabta da ba ta taɓa gani da ido ba, da sun buɗe baki za ta ce wannan jinin gidan su wane ne, haka kakansa yake jan magana. Ni kuwa ko tari na yi a bakin rijiya sai ta ɗaga murya daga kwance: "Mare Dulcing, ki bar tabar nan, kin ƙi ji!"

Ita ce mananabtan ɗinmu, mai jan addu'ar matattu, ni kuma mai amsa mata tun muna da ƙafar hawa tudu. Idan mutum ya fara gargarar tafiya, ita ake kira ta durƙusa a kunnensa ta riƙa kira masa Yesu, Maryamu, Yusufu, ta bi da doguwar addu'ar nan cikin tsohuwar Bisaya, harshenmu tun kakanni, wadda yaran yanzu ba sa gane rabinta, don kada ya ɓata hanya. Rabin mutanen makabartarmu muryarta suka ji ƙarshe. To, da ruwan bana ya sauka sai ga shi ita ce a kwance, ko kunun tsakin masara ba ya wuce mata wuya, kuma suna ɗaya take maimaitawa safe da rana: Petring.

Petring 'yarta ce, ni na riƙe ta ranar baftisma, shi ya sa ni da uwarta muke kiran juna Mare, ita kuma take kirana Ninang. Tana 'yar budurwa ta tafi Manila aikatau, kamar yadda 'yan matanmu da yawa suka tafi. Zuwanta gida na farko, kuka ta kawo mana tsaraba. Ta ce yaran gidan da take aiki sa ta suke ta maimaita magana su yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta ce babu mai kiran sunanta, Inday kawai, wato yarinya, abin da mu nan muke taƙaitawa Day, kamar duk 'yan aikin duniya suna ɗaya aka raɗa musu. Ta ce ko a talabijin idan ana son wawiya a wasa, 'yar aiki ake sakawa mai irin bakinmu.

A gabana aka yi. Teryang tana feɗe kifi za ta shanya, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Share hawayenki, Day. Idan za ki hau jirgin ruwan nan, ki bar Bisaya a bakin tasha. Ki bar mini ita nan, zan ajiye miki. Can ki yi irin tasu, ki fi su iyawa."

Petring yarinya ce mai jin magana, nan tsiyar take. Ta goge bakinta tas. Ta iya Tagalog, harshen Manila, ta iya Turanci, ta bar aikatau ta samu aiki a kantin magani, ta auri ɗan can. Na ji an ce dangin mijin sun daɗe ba su san daga tsibirinmu Sebu ta fito ba. 'Ya'yanta kuwa ko "ruwa" ba su iya cewa da harshenmu ba. Da ta zo jana'izar ubanta, lokacin Teryang tana gani, gida-gida ta riƙa jan ta tana cewa, "Ku ji 'yata, ku ji! Kamar mai karanta labarai!" Ni dai raina bai so ba. Bayan nan zuwa ya yi wuya, sai kwalin kaya a Kirsimeti, sai waya wadda Islaw ke amsawa, ƙanen Petring da ke zaune da tsohuwar.

Islaw ne ya buga mata ya ce idan tana son samun uwarta da rai ta taho.

Da tsakar rana babur ya sauke ta, daidai lokacin da ake wasan kwaikwayo a rediyo, wanda ko ana mutuwa Teryang ba ta yarda a kashe. Na fito ina goge hannu. Kai, mace ta zama mace! Ga furfura an rina, ga tabarau, ga ƙamshi. Ta kama hannuna ta kai goshinta yadda muke gaishe da manya, ta ce Ninang, sai hawaye. Na ce ta bar kukan tukuna ta hau sama.

Ta cire takalmi ta taka daɓen gora a hankali, ta durƙusa a gefen tabarma, ta ɗauki hannun uwarta ta kai goshi.

"Nay, ni ce. Na zo."

Da Bisaya ta faɗa, har da Nay ɗin da muke kiran uwa, kalmomin duk daidai ne. Amma ni kaina da na rufe ido ba zan ce 'yar Lawis ce ba. Muryar ta yi laushi, ta yi santsi, tana hawa inda tamu ke sauka. Mu nan magana muke kamar muna faɗa ko da gaisuwa ce, iskar teku ta koya mana. Wannan kuwa muryar mai sayar da magani ce a ɗaki mai sanyi.

Teryang ta zare hannunta, ta ja zane ta rufe ƙirji.

"Islaw! Kana ina? Baƙuwa ta zo ka bar ta a ƙasa? Kawo wa Madam kujera." Ta juyo da fuskarta wajen Petring, ta ƙaƙalo murmushin nan da muke yi wa ma'aikatan gwamnati. "Ki yi haƙuri, Madam, gidan talakawa ne. Daga asibiti aka turo ki?"

Islaw ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Nay, yayata ce fa, Manang Petring."

"Rufe mini baki, shashasha. Ka sha giyar kwakwa da rana tsaka ko?"

Muka ce gajiya ce, zuwa gobe za ta gane. Gobe ta zo, ba ta gane ba.

Na shiga na zauna a kanta, don ni ba ta iya kora ta. Na ce, "Mare, wai ke wane irin taurin kai ne wannan? Kin ishe mu da Petring, Petring, ga Petring ta zo kin ba ta kujera."

"Haba Mare Dulcing, har da ke? Muryar da na haifa ce zan kasa ganewa? Petring tana Manila tana wanke-wanken mutane, iyayen gidanta ba sa barinta. Ku dai kun ga zan mutu kuna so ku kwantar mini da hankali. Allah ya saka muku, amma kada ku sa baiwar Allah ta yi ƙarya."

Babu dabarar da ban yi ba. Akwai tabo a ƙafar Petring, inda dutsen teku ya yanke ta tana yarinya, na kama hannun Teryang na ɗora a kai. Ta shafa ta ce duk wanda ya taɓa taka bakin teku yana da irinsa. Ta laluba tafin hannun Petring ta ce, "Ji hannu kamar tuwon shinkafa. Hannun 'yata sabulu ya cinye shi." Petring ta ba ta labarin akuyarsu da guguwa ta ɗauke, da ranar da ubanta ya dawo da kwalekwale babu injin. Teryang ta yi dariya har da tari, ta ce lallai Islaw baki gare shi, ya kwashe sirrin gida ya ba baƙuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinyar. Petring ta karɓe ta gaba ɗaya daga hannun matar Islaw. Ita ke goge mata jiki, ita ke canza mata zane, ita ke zubar da fo. Duk lokacin da ta ɗaga ta, tsohuwar sai ta kau da kai don kunya tana cewa, "Yi haƙuri, Madam. Wannan ba aikinki ba ne. Da 'yata tana nan da ba ki sha wannan wahala ba." Petring ta ce babu komai, ta gama, ta sauko bayan gida wajen tulun ruwa ta toshe baki da tawul. Ina jin ta daga kicin ɗina. Na rantse akwai ranar da na ajiye wuƙa na bi ta da nawa kukan.

Sai Petring ta ƙudura za ta dawo da bakinta na Lawis. Kullum da hantsi takan zo ta zauna tare da ni ina saƙa ganyen kwakwa na dafa shinkafar da nake kaiwa kasuwa, ta ce in yi ta magana tana maimaitawa.

"A kaina duk yana nan, Ninang," in ji ta. "Ko mafarki nake da Bisaya nake yi. Da ya zo baki sai ya karkace."

"To ki daina lallaɓa shi kamar ƙwai. Buɗe baki ki jefo shi. Kira Islaw kamar ya ci miki kifi."

Ta gwada. Ta ɗan fara kamawa kuwa. Har ta yi ƙarfin halin zuwa rumfar Narda sayen gishiri, inda matan unguwa ke zama tsince ƙwarƙwatar mutane da gulma. Ta yi gaisuwa da ƙarfi irin tamu. Narda ta dafe ƙirji.

"Yesu! Ku zo ku ji 'yar Manila tana Bisaya! Sake faɗa, Madam, don Allah sake faɗa. Kamar Fadan cocin nan Bature da ya taɓa zama a nan!"

Rumfa ta kwashe da dariya. Wata ta ce ai jirgi ne ya girgiza mata harshe, wata ta ce a'a, sanyin kanti ne ya daskarar da shi. Na ga fuskar Petring ta koma irin wadda ta dawo da ita daga Manila tana yarinya, sak. Ta ajiye gishirin ta juya.

Ni kuwa na wanke Narda tas. Na ce, "Ke da ko garin Karkar da ke nan kusa ba ki taɓa wucewa ba, me kika sani? Can sun yi mata dariya don ta yi irin taku, nan kun yi mata don ta yi irin tasu. Ina kuke so ta kai bakin, ta jefa a teku?" Narda ta ce wasa ne. Na ce wasan uwarta. Har yau ba na sayen gishiri a wurinta, gara in hau babur. Amma ɓarnar ta riga ta auku. Daga ranar Petring ta koma magana ƙasa-ƙasa, a taƙaice, kuma tsohuwar ta ƙara tabbatar wa kanta cewa Madam mutuniyar kirki ce mai kawaici.

Fadan cocinmu ya zo ya shafa mata man marasa lafiya ranar Laraba. Washegari da safe, masunta suna jan kwalekwale zuwa tudu, matar Islaw ta leƙo ta taga ta kira ni da hannu. Da na ga yadda ta kira, na ɗauki carbina.

Numfashin ya canza, yana ja yana tsayawa. Mun kunna kyandir a gaban Santo Ninyo, siffar Yesu yana yaro. Maƙwabta suka cika matakala, har da Narda, ta raɓe a baya. Aikin da Teryang ta yi wa gari duka yau ya faɗo kaina. Na durƙusa a kunnenta na kira sunayen uku, ta motsa leɓe ta amsa. Na shiga doguwar addu'ar. Ni fa mai amsawa ce, ban taɓa ja ba. Na yi layi kaɗan sai tari ya turnuƙe ni, da na dawo kuma na nemi inda na tsaya na rasa. Na waiga ina neman mai ɗauka. Babu wanda ya iya, duk mun dogara da Teryang.

Sai na ji an ɗauka daga inda na yar.

Petring ce. Idonta a rufe, hannunta a kan goshin uwarta. Ashe tun tana ƙarama da take bin Teryang gidajen mutuwa tana riƙe mata fitila, abin ya zauna mata. Kuma wannan ba ta taɓa kai shi Manila ba balle a goge shi. Ya fito da kaushinsa, da jan nan da Teryang ke yi a ƙarshen kowane layi, da inda take sauke numfashi. Gashin jikina ya tashi. Na ji matan da ke matakala sun fara amsawa ɗaya bayan ɗaya.

Teryang ta buɗe makafin idanunta. Ta ɗago hannu tana lalube, ta kama wuyan hannun Petring ta riƙe gam. Islaw ya dafa kafaɗata har ta yi mini zafi. Na ce a raina, Ubangiji, ko yanzu ne, ko yanzu ne.

"Wa ya koya miki wannan?" Da ƙyar muryar ke fita.

"Uwata," in ji Petring. "Ke ce, Nay. Ke kika koya mini."

Tsohuwar ta ja numfashi. Ba na jin ta ji rabin na ƙarshe, ko ta ji ta ɗauka cikin kirkin Madam ne.

"Allah ya yi wa uwarki albarka," ta ce. "Ta iya riƙon ɗiya. Tawa ma ta iya shi da, amma ta manta. Ni na ce ta manta."

"Ban manta ba, Nay."

"Madam, Manila za ki koma?"

Petring ta dube ni. Na kau da kai. Ta sunkuya ta ce e.

"Ki nemo mini Petring. 'Yar baƙa ce siririya, tana aiki a gidan masu kuɗi. Ki ce ina gaishe ta. Ki ce kada ta damu da ba ta zo ba, na san ba sa barinta." Ta tsaya, muka zaci shi ke nan, sai ta ƙara matse hannun. "Kuma ki ja mata kunne. Kada ta yi Bisaya a gabansu. Dariya za su yi mata."

"Zan faɗa mata," in ji Petring.

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Ta koma kan addu'ar, ta ja ta har ƙarshe muryarta ba ta karye ba. Kafin ta kai amin Teryang ta tafi, hannunta yana riƙe da na baƙuwarta. Sai da na ɓamɓare yatsun ɗaya-ɗaya.

Petring ce ta ja addu'ar kowace rana da gawar take gida, babu wanda ya sa ta. Narda ta kawo kofi da burodi, ta ajiye ba ta iya haɗa ido da kowa ba. Tsakanin addu'a da addu'a Petring ba ta magana da kowane harshe. Mijinta ya bugo waya, ta saurara, ta ce to, ta kashe.

Ranar binnewa rana ta buɗe bayan ruwan safe, hanyar tudu duk laka. Aka saka akwatin a raminsa na siminti, mai gini ya toshe bakin, Islaw ya rubuta sunan da tsinke tun simintin yana ɗanye. A ƙofar makabarta yara sun riga sun tara busasshiyar ciyawa da ganye sun kunna, sun danne da ɗanye don ya yi hayaƙi sosai. Kowa ya san ƙa'ida: ba ka fita sai ka tsallake hayaƙin nan ya bi jikinka, don mamacin ya rasa ƙamshinka kada ya biyo ka gida. Teryang da kanta takan tsaya a wurin da sanda, ko ɗan jariri sai an wuce da shi ta ciki.

Muka bi layi. Islaw ya tsallake, matarsa ta tsallake, na tattare siket na tsallake ina tari. Na juyo ina jiran Petring.

Ta tsaya tana kallon hayaƙin. Sai ta raɓa ta gefe, ta bi ta jikin katanga inda ko ɗigonsa bai kai ba, ta taka laka har idon sawu, ta fito waje.

Mata suka hau kiran Yesu da Maryamu. Islaw ya ce, "Manang! Koma ki tsallake!" Wata tsohuwa ta ce 'yar Manila ta manta al'ada, a tuna mata. Na riƙo hannunta na jawo ta gefe, raina a ɓace, don tsoro nake ji da gaske.

"Day, kin haukace ne? Kin fi kowa sani. Biyo ki za ta yi."

"Na sani, Ninang."

Da muryar Lawis ta faɗa, da ƙarfi, har Narda ta ji daga inda take, kuma babu wanda ya yi dariya.

"Bari ta biyo ni. Ta hau jirgin tare da ni, ta ga gidan da zan shiga, ta ji sunan da ake kirana. Ai ta aike ni wurin 'yarta. Wataƙila idan mun isa ta gane."

Ta zare hannunta daga nawa, kamar yadda uwarta ta zare ranar da ta zo. Ta kama hanyar gangare ita kaɗai, takalminta a hannu, tana tafiya a hankali yadda ake yi idan ana jan makaho.